Me iyaye ke nema daga malaman nazare?

A duk watan Satumba, idan aka shiga sabuwar shekarar karatu a Najeriya, dubban iyaye a birane irin su Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri kan miƙa 'ya'yansu masu shekaru uku zuwa biyar ga wata malama da galibi ba su taɓa sani ba kafin wannan rana.

Daga nan yaron zai riƙa shafe rabin yininsa a hannunta. Ita za ta share masa hawaye a makon farko, ta buɗe masa kwanon abinci lokacin tara, ta kai shi bayi ko ta sa a kai shi, ta kuma raba shi faɗa da abokin zamansa a kan fensir.

To sai dai idan zango ya ƙare, ba kasafai ake auna malamar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba. Abin da akasarin iyaye ke dubawa shi ne littafin rubutun yaron, da yawan Turancin da ya shiga bakinsa, da surorin da ya haddace, da kuma na nawa ya zo a aji.

Masana ilimin ƙananan yara kuwa wani ma'aunin daban suke amfani da shi, kuma a bisa nasu ma'aunin aka rubuta manufofin gwamnati. Malamar nazare tana tsakiyar ɓangarorin biyu, kuma tun da iyaye ne ke biyan kuɗin makaranta, ba wuya a gane wanda ke rinjaye.

Abin da ke rubuce

An fara fitar da kundin manufofin ilimi na Najeriya a shekarar 1977, aka kuma yi masa kwaskwarima sau da dama, ciki har da ta 2004 da ta 2013.

Kundin ya zayyana dalilan kafa azuzuwan share fagen shiga firamare. Daga ciki akwai sauƙaƙa wa yaro sauyin da zai fuskanta daga gida zuwa makaranta, da kula da shi yayin da iyayensa ke gona ko kasuwa ko ofis, da koya masa tsafta da zama da jama'a da haɗa kai da 'yan uwansa, da kuma zaburar da shi wajen tambaya da bincike.

Batun haruffa da lambobi da launuka da siffofi yana cikin jerin, amma tushensu kawai aka ce a koya masa, kuma ta hanyar wasa. Kundin ya kuma ƙayyade cewa kada malami ɗaya ya riƙe yara fiye da 25 a ajin nazare.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE, wadda aka zartar a 2004 bayan ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, ta ambaci kula da ƙananan yara a cikin abubuwan da ilimin tushe ya ƙunsa. A 2007 aka fitar da wata manufa ta musamman kan renon yara da bunƙasarsu, sannan kwaskwarimar 2013 ta shigar da shekara ɗaya ta share fage cikin tsarin karatun gwamnati. Wannan ne ajin da a makarantun firamare na gwamnati a Arewa ake kira rabin aji.

Duk da haka yaran da ke samun wannan dama tsiraru ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Asusun UNICEF a 2021 ya nuna cewa yaran da ke halartar irin waɗannan azuzuwa a tsakanin masu shekaru uku da huɗu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba a faɗin ƙasar, kuma adadin ya fi yin ƙasa a jihohin Arewa da yankunan karkara.

A birane, makarantu masu zaman kansu ne suka riƙe mafi yawan wannan fage. Makarantar kuɗi kuwa kasuwa ce, abin da mai saye ke so shi za a kasa masa.

Dalilin iyaye

Kuskure ne a ɗauka cewa iyayen da ke neman a koya wa ɗan shekara uku rubutu ba su san abin da suke yi ba. Suna da hujjojinsu, wasu ma masu ƙarfi ne.

Mutumin da ya tsame wani kaso na albashinsa ya biya kuɗin zango, ya sayi inifam da littattafai, yake kuma biyan mai adaidaita sahu kowane wata, yana son ya ga abin da kuɗinsa suka saya. Shafi cike da haruffa abu ne da ido ke gani. Yaron da ya koyi jiran layi, ko ya daina duka idan an taɓa masa kaya, ko ya iya faɗin abin da ke damunsa maimakon ya fashe da kuka, shi ma ya samu ci gaba, amma ba irin wanda ake ɗaukowa daga jaka a nuna wa baƙo ba.

Akwai kuma tsoro. Da yawa daga cikin iyayen sun ga yaran da suka kammala aji shida a makarantun gwamnati ba tare da sun iya karanta jimla ɗaya ba, da Hausa ko da Turanci. Wanda ya ga haka, idan aka ce masa ɗansa wasa ya wuni yana yi a makaranta, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an kama hanyar waccan asara.

Sannan wasu makarantun firamare na kuɗi kan yi wa yaro gwajin karatu da rubutu kafin su ɗauke shi aji ɗaya, lamarin da ke mayar da nazare wurin shirin jarrabawa.

Ga kuma gasa tsakanin maƙwabta da dangi, wadda ba a cika faɗinta a fili ba. Idan ɗan wance yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari a gaban jama'a ranar suna, uwar da nata ɗan bai wuce goma ba za ta koma gida da tambayoyi, kuma malama ce za ta amsa su ranar Litinin.

Wannan hanzari ba ya tsayawa a nazare. Yaron da aka sa makaranta yana da shekara biyu, aka tsallakar da shi aji shida kamar yadda makarantun kuɗi da yawa ke yi, yakan gama sakandare yana da shekaru 14 ko 15. A 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce a Najeriya bayan ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗalibi ya cika shekaru 18 zai shiga jami'a, kafin magajinsa Dakta Tunji Alausa ya mayar da iyakar shekaru 16. Ko a hakan, akwai yaran da ke zaman jira a gida saboda an yi musu sauri tun daga tushe.

Hannu da fensir

Likitocin yara suna da wani sauƙaƙan gwaji da suke duba girman yaro da shi. Akasarin yara kan iya kwaikwayon zanen da'ira suna da shekaru uku, murabba'i a wajen shekaru huɗu, siffa mai kusurwa uku kuwa sai sun kai kimanin biyar.

Haruffa da lambobi haɗin waɗannan siffofi ne, na miƙe da na lanƙwasa da na karkace. Saboda haka idan aka ɗora wa ɗan shekara uku cika shafi da harafin K ko lamba 8, an nemi yatsunsa su yi aikin da ƙarfinsu da daidaitonsu bai kai ba tukuna.

Abin da kan faru a irin wannan hali sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙa ajin nazare. Malama kan kama hannun yaron ta ja shi a kan takarda, a gida kuma yayarsa ta ƙarasa masa aikin da aka ba shi. Littafi ya cika, kowa ya gamsu, yaron kuma bai koyi komai ba in ban da cewa fensir abin wahala ne.

Ayyukan da ke ƙarfafa yatsun su ne waɗanda iyaye ke kallo a matsayin ɓata lokaci: murɗa laka, da zura duwatsun ado a zare, da yaga takarda, da zane a kan yashi, da ɓalla maɓallin riga. Yaran Hausawa sun daɗe suna yin irin waɗannan a tsakar gida, da 'yar tsana da motar kara da tuwon ƙasa, tun kafin a san wani abu wai shi nazare.

Tunanin mayar da wasa hanyar koyarwa a makaranta dai ya samo asali ne daga wani Bajamushe, Friedrich Froebel, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa sunan da ke nufin lambun yara. Likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe tata a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, inda ta bar yara suna zaɓar aikin da za su yi da kayan da aka tanada daidai tsawonsu. A yau sunanta yana jikin allunan makarantu da dama a biranen Najeriya, har da waɗanda idan ka shiga za ka tarar da yara 40 a jere a kan benci suna maimaita abin da malama ta faɗa.

Shaidar da aka fi kafa hujja da ita a wannan fage ta fito ne daga garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka. Tsakanin 1962 da 1967 an ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata, aka sa kimanin rabinsu a wani shirin nazare na sa'o'i biyu da rabi a rana, malamai kuma na ziyartar gidajensu mako-mako, sauran aka bar su.

Fifikon da yaran shirin suka samu a gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ya dusashe bayan 'yan shekaru a firamare. Amma da aka ci gaba da bibiyarsu har suka kai shekaru 40, sai aka tarar sun fi takwarorinsu kammala sakandare da samun kuɗin shiga, kuma ba su kai su shiga hannun 'yan sanda ba.

Masanin tattalin arziƙi James Heckman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya yi nazarin alƙaluman, ya kuma danganta mafi yawan wannan riba da halayen da yaran suka koya, kamar kame kai da juriya da iya zama da mutane. Wato dai abin da Bahaushe zai kira tarbiyya.

Darasi daga Ghana

Ana iya cewa Amurka daban, Afirka ta Yamma daban. Shi ya sa wani bincike da aka yi a Ghana ya fi kusa da halin da ake ciki a Najeriya, domin can ma makarantun kuɗi sun cika unguwanni, Turanci ne harshen hukuma, iyaye kuma na neman ganin sakamako da wuri. Ghana ta shigar da shekaru biyu na nazare cikin ilimin tushe tun a sauye-sauyen da ta yi a 2007.

A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Sharon Wolf, tare da hukumomin ilimin ƙasar, sun zaɓi makarantu 240 na gwamnati da na kuɗi a yankin Accra, suka kasa su gida uku ta hanyar ƙuri'a.

A kashi na farko an bai wa malamai horon kwanaki biyar a farkon shekara kan koyarwa ta hanyar wasa da ladabtarwa ba tare da duka ba, aka biyo da horon tunatarwa da ziyarar jami'an da ke duba aikinsu a aji. A kashi na biyu an yi wa malamai wannan horo, aka kuma ƙara da tarukan wayar da kan iyaye, inda aka nuna musu hotunan bidiyo kan amfanin wasa. Kashi na uku ba a taɓa shi ba, don a samu abin kwatantawa.

Horon malaman ya yi amfani. Yanayin azuzuwa ya gyaru, gajiyar malamai da aikin ta ragu, a makarantun kuɗi an samu raguwar masu barin aiki, yaran kuma sun fi na kashi na uku shirin shiga firamare.

Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne kashi na biyu. An yi zaton cewa shigo da iyaye zai ƙara armashi, amma sai aka tarar ribar da yaran suka samu a kashi na farko ba ta bayyana a nan ba. Tarukan iyayen sun ci abin da horon malaman ya samar.

Hirarrakin da aka yi da iyaye a yankin sun nuna cewa a wurin da yawansu, nagartacciyar makaranta ita ce mai koyar da karatu da rubutu da wuri, mai ba da aikin gida, mai kuma tsawatarwa. Bayanin da masu binciken suka fi karkata a kai shi ne cewa da aka bayyana wa iyayen abin da ake yi a aji, saƙon bai kwanta musu ba, sai suka ja ta wani ɓangaren.

Abin lura a nan shi ne, ra'ayin iyaye yana shiga har cikin aji ya sauya abin da malama ke yi, kuma taron ƙungiyar iyaye da malamai sau biyu ko uku bai isa ya kawar da abin da mutum ya taso yana gani ba. Duk mai son gyara nazare a Kano ko Zariya, da wannan zai yi karo.

Batun Turanci

Babu buƙatar da ta kai ta Turanci ƙarfi a wurin iyayen birni. Akwai makarantun da ke hana yara magana da Hausa a harabarsu, kuma iyaye da dama na ɗaukar hakan a matsayin alamar inganci.

Tsawon shekaru, manufar gwamnati ta saɓa wa wannan. Kundin manufofin ilimi ya tanadi a koyar da yaran nazare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Hujjar da aka fi jingina da ita ita ce gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa tsarin, ta ce a yi shekaru shida na firamare da harshen uwa.

A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga share fage har jami'a, yana mai danganta faɗuwar ɗalibai a jarrabawa a wasu yankuna da koyarwa da harshen gida. Masana harsuna da dama sun soki matakin, suna cewa ba a taɓa aiwatar da tsohuwar manufar yadda ya kamata ba balle a ɗora mata laifi.

A wannan gaɓa ke nan gwamnati ta dawo inda iyaye suke. Sai dai sanarwa ba ta sauya abin da ke faruwa a ranar farko da aka kai yaro aji ba. Ɗan shekara uku da bai taɓa jin wani harshe ba sai Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, idan yana jin fitsari ko cikinsa na ciwo, da harshen gidansu zai faɗa. Malamar da ta hana shi, ta rufe ƙofar da za ta san halin da yake ciki.

Haka kuma rera haruffan Turanci da waƙoƙin da aka haddace ba shi ne jin Turanci ba. Yaro na iya rera waƙa daga farko har ƙarshe bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba, abin da ke fitowa fili idan ya kai aji uku ko huɗu aka ce ya karanta labari ya faɗi abin da ya fahimta.

Hadda, ladabi da bulala

A Arewa akwai wata buƙata da ta sha gaban boko a zukatan iyaye da yawa, wato addini. Yawaitar makarantun da ke haɗa boko da Islamiyya da haddar Alƙur'ani tun daga nazare amsa ce ga wannan buƙata.

A nan iyaye sun fi samun goyon bayan al'ada da kuma yanayin yaro. Ƙananan yara na da saurin kama abin da suka ji ana maimaitawa da murya mai daɗi, kuma makarantar allo ta daɗe da sanin haka: da baki ake fara biya wa yaro Fatiha da gajerun surori, sai daga baya ya shiga babbaƙu da farfaru, riƙon alƙalami kuwa sai hannu ya nuna. Wannan jeri na kunne kafin ido, ido kafin hannu, ya fi dacewa da abin da likitoci ke faɗa a kan jerin da wasu makarantun nazare ke bi.

Inda ake samun matsala shi ne idan aka ƙayyade wa ɗan shekara huɗu adadin da dole ya haddace a zango, aka kuma riƙa gwada shi da na kusa da shi.

Daga nan ne bulala ke shigowa. Har yanzu akwai iyayen da ke ganin malamar da ba ta duka ba ta iya riƙon aji ba, har sukan ba da izini da bakinsu.

Malaman Musulunci na farko ba su bar wannan batu sakaka ba. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan da ya rayu a ƙarni na 9, ya rubuta littafi kan ladubban malamai inda ya taƙaita dukan da malami zai iya yi, ya kuma hana shi yin sa cikin fushi. Ibn Khaldun, a ƙarni na 14, ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa na cutar da mai koyo, musamman ƙaramin yaro, domin tana kashe masa kuzari, ta koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa don tsoron hukunci. Ita kanta salla, hadisi ya nuna sai yaro ya kai shekaru bakwai ake umartarsa da ita. Ɗan nazare bai kai nan ba.

A Janairun 2025 wani bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta a Najeriya, inda aka ga wata malama a Ikorodu ta jihar Legas tana marin wani yaro ɗan shekara uku yayin da take koya masa rubuta lambobi. An kama ta aka gurfanar da ita gaban kotu, jama'a kuma suka yi tir da ita, kuma ta cancanci hakan. Tambayar da ba a cika yi ba a lokacin ita ce, wa ya ce dole ɗan shekara uku ya iya rubuta lambobi, kuma me ake yi wa malamar da yaran ajinta suka kasa?

Amana

Akwai abin da iyaye ke da cikakken haƙƙin nema ba tare da sassauci ba, kuma babu masanin da zai yi jayayya da su a kai: a dawo musu da ɗansu lafiya.

Mutanen Kano ba za su manta da abin da ya faru a ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar, daga bisani aka gano cewa mai makarantar da take zuwa ne ya sace ta ya kuma kashe ta. A Janairun 2022 gwamnatin jihar ta janye lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu don sake tantance su, a watan Yulin shekarar kuma wata babbar kotun jihar ta yanke wa mutumin da wani abokin aikata laifinsa hukuncin kisa.

Irin wannan ta'asa ba kullum take faruwa ba. Haɗurran yau da kullum ƙanana ne: ƙofar da aka bari a buɗe ga titi, rijiya ko tankin ruwa marar murfi, bayi ɗaya ga yara da yawa ba ruwa ba sabulu, aji mai rufin kwano ba iska a watan Afrilu, da kuma sakin yaro ga duk wanda ya zo ya ce an aiko shi.

Waɗannan abubuwa ne da uba ko uwa za su iya gani da idonsu cikin minti goma, idan suka shiga makarantar a tsakiyar yini ba tare da sanarwa ba. Za kuma su iya ƙirga yaran ajin, su lura ko malama na kiran kowane yaro da sunansa, su ga ko yaran na zuwa wurinta da kansu ko kuwa suna noƙewa idan ta matso. Iyayen da ke yin wannan ziyara ba su kai masu zuwa karɓar takardar sakamako yawa ba.

Bikin yaye ɗalibai kuwa ba a rasa mahalarta. Riga da hular kammala karatu ga ɗan shekara biyar, da kuɗin anko da na hoto da na abinci, sun zama al'ada har ta kai a 2025 jihar Imo da wasu jihohi suka haramta wa makarantu shirya irin wannan biki ga 'yan nazare, saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye.

Ita malamar fa?

A ƙa'ida, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake buƙata kafin mutum ya koyar a Najeriya, tare da rajista da hukumar TRCN da aka kafa a 1993. Kwalejojin ilimi da dama suna da sashen horar da malaman ƙananan yara.

A aikace, makarantun unguwa da yawa na tura wadda ta fi ƙarancin takardu zuwa nazare, bisa tunanin cewa ƙananan yara ba sa buƙatar gwani. Sau da yawa budurwa ce da ta gama sakandare tana jiran gurbin karatu ko aure. Yaran na kiranta Anti, kuma ita ce malama, ita ce mai reno, wani lokacin ita ce mai shara.

A Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a ƙasar zuwa naira 70,000 a wata. Sai dai dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa ba su kai wannan adadi ba. Mai makaranta na da tasa hujjar: idan ya ƙara kuɗin zango don ya ƙara albashi, iyaye za su kwashe 'ya'yansu su kai makarantar da ke bayan layi.

Malamar da ba ta samu horo ba, abin da aka yi mata tana yarinya shi za ta yi, wato rubutu a allo da maimaitawa da tsawa. Wadda ta samu horon kuma, idan ta fito da laka da yashi, takan gamu da uwar da ke tambayar dalilin da ya sa inifam ya yi datti littafi kuma babu komai a ciki, mai makaranta kuma ya kira ta ofis.

Da zarar ta samu gurbin karatu ko wani aiki mai ɗan gwaɓi sai ta tafi, ko da a tsakiyar zango ne. Yaran da suka fara sabawa da ita, har suka daina kuka a bakin ƙofa, sai su zo ranar Litinin su tarar da wata sabuwar Anti da ba ta san sunan kowa ba.